Baba Bukar Ya Zama Ɗalibi

Ranar da Zara ta fara ganin Malam Auwalu, yana tsaye gaban allo a ajin manya na Ƙofar Wambai, alli ya ɓata masa hannun riga. Kalmar "take" ta Turanci yake koyarwa. Ya ce da ita Bature yake ɗaukar kaya, da ita yake shan magani, da ita yake hawa mota. Zara kuwa, baiwar Allah, babu abin da ya shiga kanta sai muryarsa.

Lokacin mulki bai daɗe da komawa hannun farar hula ba, salula ta fara shigowa gari. Ta wayar yayarta Luba saƙonsa yake zuwa: "Zarata, yau ajin ya yi mini faɗi da ba ki zo ba." In ta karanta, sai ta hau soro ta yi ta kallon tantabarun Jakara tana murmushi ita kaɗai.

Amma da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Bukar, mai sayar da huluna, ya ce sam. Ɗantani sabon kansila ya riga ya aiko neman aurenta, me mai alli zai tsinana mata? Zara ta yi ta kuka har ta rame. Da Baba ya gaji, ya ce, "To, su biyun su zo su koya mini kalmar nan da ta tafi da hankalinki."

Ɗantani ya zo sau ɗaya, ya duba agogo, ya ce zai turo malami.

Auwalu kuwa kullum bayan la'asar yana zaure, Zara tana laɓe.

"Malam, jiya ka ce ɗauka ce, yau kuma sha? Turawan nan talaucin kalmomi suke yi?"

"Duka biyun ne, Baba. Mu sake."

Washegari Baba ya manta. Zara ta san da gangan yake, mutumin da ya yi shekaru yana ciniki da Turanci a Legas! Ta yi ta addu'a kada Auwalu ya ƙosa ta rasa shi.

Wata la'asar Baba ya ce, "Zara, fito, na san kina nan. Tun da yaron nan ya fara zuwa nake neman ya yi tsaki, bai yi ba. Wanda ya jure mini haka ba zai daka miki tsawa ba. Auwalu, turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Baba ya dafa kanta, ya ce: "Allah Ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Na samo miki mai haƙuri."