Yarinya da Tsiro Mai Zanen Zinariya

A wani zamani, cikin wani kurmi mai yawan raɓa, wata yarinya ta ga ɗan tsiro a ƙasa, ganyensa da zane kamar zaren zinariya.

Ta ce wa kakarta, "Kaka, ga maganin tarinki!"

Kaka ta ce, "Iri biyu ne masu kama, ɗaya magani, ɗaya dafi. Fure ke raba su."

Wani maharbi da ke wucewa ya ce wa yarinyar ta tuge shi. Ta ce, "Sai ya yi fure." Tarin Kaka ya tsananta, yarinyar ta yi kuka ta ce, "Sai ya yi fure."

Wata safiya farin fure ya buɗe, da leɓe kamar ɗan cokali. Kaka ta duba, ta rungume ta. "Mai dafin ne, jikata. Mu ƙara gaba."