Allurar da Ke Wuyan Na'Allah

Magana ɗaya ake yi a kasuwar Filinge: wai Dija mai fura ta sa wa manomi Na'Allah allura a maƙogwaro, wanzami Magagi ya zaro ta da ƙaho. Insfekta Basiratu ta ji labarin a bakuna da yawa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, allurar ta fita, amma Na'Allah bai warke ba.

Ran Litinin sai ga Dija a kwamisariya, ofishin 'yan sanda, zanenta duk toka. An ƙone mata bukka a rugarsu ta hanyar Bankuku.

"Hajiya, sun ce in kasuwa mai zuwa ta iske ni nan, ni za a ƙone. Ina zan kai ɗiyana?"

Insfekta ta samu Na'Allah a zaure, ya kafe wuya kamar an ɗaure shi.

"Baba, yaushe ciwon ya fara?"

"Ranar da na sha furarta."

Matarsa Nasiba ta leƙo daga tsakar gida. "Kai Malam, ji tsoron Allah! Tun kakar bara kake kukan wuyan ga. Har beli Magagi ya yanke maka, bai yi komi ba. Sannan su Dija Fulani ba su ma sauko ba."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ita ta tambaya."

Nasiba ce kuma ta ɗauko hoton haƙoransa da aka yi a Yamai da rani, lokacin da za a cire masa matauni. Insfekta ta ɗaga shi a rana. Ƙarƙashin kowane kunne ga wani siririn abu ya sauko kamar ƙaya. Ta ɗauke shi da wayarta, ta tura wa Dakta Ummul, likitar haƙoran da ta yi aikin.

"Ƙashi ne," in ji likitar. "Kowa na da shi, gajere. Na wasu ya kan yi tsawo, kuma ba na sati ban gani a hoto ba. Galibinsu ba su ma san da shi ba. Kaɗan ne yake soka in sun haɗiya ko sun waiwaya. Ku turo shi, ana aikinsa."

Insfekta ta kashe wayar. Mutum nawa ke yawo da wannan a nan ƙasar Kurfai, kuma wa aka ɗora wa laifi?

Ta iske Magagi a rumfarsa yana wasa aska.

"Baba wanzam, ni ma wuyana ke suka."

"Kin sha furarta? To zauna, ɗiyata."

Ya kafa mata ƙaho, ya sunkuya zai tsotsa. Ta riƙe masa haɓa.

"Buɗe bakinka."

Allura na kwance a kumatunsa, an naɗe tsininta da kakin zuma.

Ya zauna a ƙasa. "Na yanke mishi beli bai warke ba. Mutane sunka fara cewa hannuna ya mutu. Aikin ubana da kakana ne, Hajiya."

"Bukkar fa?"

"Ni na sa mata wuta. Na ce in ta gudu, kowa zai ce ta amsa laifinta."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota. Jama'a sun taru bakin rumfa, Dija na can baya ita kaɗai. Insfekta ta juyo gare su.

"Magagi ya ƙone bukkar. Dija ba ta sa wa kowa komi ba. Abin da ke wuyan Na'Allah ƙashinsa ne."