Tsamiyar da ke Ɗauke da Sunan Haulatu

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran sallar magariba. Zubaida tana tsugune a bakin murhu tana kwashe tuwon gero, kaji sun gama shiga akurki, hasken yamma ya yi ja a saman katanga. Ta ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Ta ce, "Yaran maƙwabtan nan ba sa jin magana." Na biyu ya faɗo dab da randa. Na uku kuwa cikin ƙwaryar da ke gabanta ya sauka, a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Da ta taɓa shi ta ji ɗumi, ga wani danƙo a jikinsa mai warin ɗanyen itace.

Autarta Haulatu, 'yar aji biyar, tana durƙushe a gindin randa tana ɗiga wa wani ɗan tsiro ruwa da ludayi. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Auta, ba ki ji ba ne?"

"Na ji, Inna," in ji yarinyar. "Ba da ni ake ba."

Tsiron nan aikin makaranta ne. A shekarar aka kawo musu sabon malami, Malam Sabiru, wanda bai daɗe da gama karatu ba. Shi ya kafa wa yara Ƙungiyar Abokan Bishiya. Ya kai su bayan gari ya nuna musu yadda rairayi ke gangarowa daga wajen Kongolam yana cinye gonaki kunya bayan kunya. Ya ce kowa ya nemo tsiron itacen gargajiya, kuka ko ɗorawa ko gawo ko tsamiya, ya raine shi a gida cikin ledar fiya wata har ruwa ya sauka, sannan a dasa a filin makaranta. Ya yayyanka gwangwanin madara, ya zana sunan kowane yaro da ƙusa, aka ɗaura wa kowane tsiro nasa. Don abin ya zauna musu a rai, ya sa suka ɗora hannu a kan ledojinsu suka maimaita: "Wannan itace nawa ne. Ƙishirwarsa ƙishirwata ce. In ya rayu na rayu." Yara suka faɗa suna dariya. Haulatu ce kaɗai ta faɗa ba ta yi dariya ba, don ita yarinya ce mai ɗaukar magana da gaske.

A gonar mahaifinta Kalilu ta samo nata. Can a kan iyaka akwai wata tsohuwar tsamiya da mutum uku ba sa iya rungume ta. Watanni biyu kafin nan Kalilu ya sayar da ita ga masu gidan burodi na Daura. Dattawan garin sun ce masa irin wannan itace ba a far masa haka kawai. Ana zuwa a yi sallama, a ba mazauna ciki kwana uku su kwashe iyalinsu. Kalilu ya ce wannan zamanin ya wuce, yanzu shari'a ake yi, shi ba zai yi wa itace sallama ba. Da safe aka zo da injin yankan itace, kafin azahar tsamiya tana ƙasa. A gindin kututturen nan ne ɗan tsiro guda ya fito, Haulatu ta haƙe shi da ƙasarsa ta kawo gida.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana, kullum dutse uku. A rana ta huɗu jifa ya tsaya, sai murya. Daga lungun randa take fitowa, ƙasa-ƙasa, irin ta mace mai rarrashin jaririn da ya ƙi yin shiru. Haulatu ta daina cin abinci. Ruwa kawai take sha, moɗa bayan moɗa, amma leɓenta a tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Ran Alhamis da almuru Kalilu ya dawo daga kasuwa ransa a ɓace. Ya zo ɗibar ruwan alwala, ledar tsiron ta tare masa hanya, ya sa ƙafa ya shure ta. Haulatu, da ke can bakin ƙofar ɗaki, ta faɗi tim kamar ita aka shura. Ta ɗago a hankali. Idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Sau biyu ke nan, Kalilu. Ka sake."

Zubaida ta saki salati. "Maigida, wannan ba 'yata ba ce."

Washegari bayan la'asar Kalilu ya ɗauko Alaramma Mainasara daga Dutsi a bayan babur. Dattijo ne siriri, ba ya yawan magana. Ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, aka lulluɓe ta da zane, ya jiƙa ganyen magarya a ƙwarya. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Tattabarun maƙwabta suka yi tsit. Sai da rana ta taɓa bakin katanga sannan jikin yarinyar ya sandare, yatsunta suka lanƙwashe kamar saiwoyi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka rushe."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta." Muryar ta ja numfashi mai tsawo. "Tun kafin a haƙa rijiyar garin nan nake cikin tsamiyar. Kakansa ya sha inuwata, ban taɓa ko akuyarsa ba. Da ya yi sallama da na kwashe nawa na tafi. Ɗana yana barci a reshen gabas lokacin da ƙarfen nan ya fara kuka. Ban kai gare shi ba."

Kalilu ya sunkuyar da kai. Alaramma ya dube shi ya ce, "Ka yi sallama?"

"Allah gafarta Malam, na ɗauka shirka ce."

"Yanka musu dabba shi ne shirka. Sallama kuwa ko kangon gida ka shiga kana yin ta." Ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki. Amma wannan ba ita ta sare ba."

"Tsiro ɗaya ya rage mini, na raɓe a cikinsa. Ta zo ta tumɓuke ni, ta sa ni a leda, ta ɗaura mini sunanta a wuya. Ta ɗora hannu ta ce ƙishirwata tata ce. Ni na roƙe ta? A ba ni jinin baƙin bunsuru in tafi."

"Ba za a zubar miki da jini a gidan nan ba."

"To a bar mini ita. Ɗa a madadin ɗa."

Zubaida ta yunƙura, Alaramma ya ɗaga mata hannu. Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa ruwan magarya. Yarinyar ta yi ta birgima, muryar tana kuka, kukan da ya fi kama da na uwa fiye da na abin tsoro. Har Zubaida ta ji hawaye na zubo mata ba don 'yarta kaɗai ba.

"Tsaya," in ji muryar daga ƙarshe. "A mayar da ni inda aka ɗauko ni. Wanda ya sare, shi zai dasa da hannunsa. Shi zai ba ni ruwa, ba aike ba, har ranar da inuwata za ta rufe mutum a zaune."

"Za a yi. Ke kuma ki rantse da Wanda ya halicce ki za ki fita, ba ki ba dawowa."

"Na rantse. Zan fita ta ɗan yatsan ƙafarta. Amma Malam, alkawarin da ke tsakaninta da itacen ba ni na ƙulla ba. Ba ni da ikon kwance shi."

Ƙaramin yatsan ƙafar hagu ya karkaɗa sau uku. Haulatu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta yara, "Inna, yunwa nake ji."

A zaure Kalilu ya riƙe hannun Alaramma. "Maganar ƙarshen nan da ta yi, gaskiya ce?"

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannun itace ba. Su kuma suna ƙarya." Dattijon ya laluba takalminsa da ƙafa. "Amma ka ba shi ruwa."

Washegari da hantsi Kalilu ya dasa tsiron a gindin kututture, ya kewaye shi da ƙaya. Ya yi sallama kafin ya durƙusa, ya yi sallama da zai tashi. Malam Sabiru, da labari ya kai masa, ya daina sa yara ɗora hannu a kan leda. Shuka dai ba a fasa ba, sai dai yanzu aji ne ke da itace, ba yaro ɗaya ba. Malamin ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya kuma faɗa wa Kalilu abin da ya karanta: tsamiya ba ta sauri, tana iya shekara goma ba ta yi inuwar kirki ba.

Kullum da yamma ana ganin Kalilu da jarka a ka, ya nufi gona. Damina ta zo ta wuce, rani ya shigo, rijiyoyi suka ja baya. Bai fasa ba ko ran Sallah.

Wata rana cikin bazara, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu. A na uku ya lallaɓa ya ɗauki jarka ya tafi gona. Ya tarar iska ta ture ƙayar gefe guda, ga sawun awaki, an gatse kan tsiron, ganye huɗu suka rage. Ɗan gwangwanin yana nan a ɗaure, sunan bai goge ba. Ya juye ruwan duka, ya gyara ƙayar da hannu har jini ya fito, ya juyo gida da sassarfa.

Ya tarar da Zubaida zaune a tsakar gida, Haulatu a gabanta, an kwance mata ɗankwali za a yi kitso. Zubaida ta miƙo masa hannu. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa. Kitso guda ne, ya tsinke daga tushe, ba jini, ba ciwo.

Haulatu ta ɗago ta dube shi, leɓenta a bushe.

"Baba, bai ƙoshi ba."

Kalilu ya dubi randa, ya dubi rana da ta kusa faɗuwa. Ya sauke jarkar ya fara cikawa.