Baƙaƙen Layuka a Wasiƙar Tino

Ranar da Orsola Canepa ta fara ganin Remigio, takarda ya miƙa mata, kuma kafin ya kai ƙarshen layi ta kira shi ta mayar masa da abarsa.

A ƙofar gidan burodin babanta ne, a unguwarmu La Boca ta baƙin haure, can ƙetaren teku nesa da Italiya, cikin shekarar 1916, lokacin da jiragen ruwa ke ta kwasar 'yan asalin Italiya suna mayar da su gida don yaƙi. Remigio mai jera haruffa ne a ƙaramar maɗaba'ar ma'aikatan tashar jirgi. Shi ma takardar kiran soja na aljihunsa, amma ya rantse ba inda za shi. Takardar ƙin yaƙin da yake rabawa shi ya rubuta ta, kuma yana ji da ita kamar ɗan fari.

"Tumaki," in ji Orsola, ta ɗora yatsa a layin farko. "Sau huɗu ka kira masu tafiya tumaki. Yayana Tino ya tafi a jirgin farko. Shi ma tunkiya ne?"

Remigio ya gyara hula, ya kama bayani a kan attajirai da masu sayar da makamai. Sai da ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta warware masa takardarsa zare-zare. Ta ce ai ba da masu tafiya yake magana ba, da abokansa yake, waɗanda dama ba sa bukatar lallashi. Ta ce namijin da aka zaga a gaban matarsa, gobe da sassafe zai je ya sa hannu don a san ba tsoro yake ji ba. Babu sunan mutum ko ɗaya a ciki, babu tambaya ko ɗaya, sai alamar motsin rai har goma sha tara.

"Har ƙirgawa kika yi?"

"Faina, wainar garin wake, nake jira ta gasu. Ba ni da aikin yi."

Ya dubi garin fulawar da ke girarta. Mutumin da ke iya tsayawa a kan akwati ya yi awa guda yana magana, ranar nan da ƙyar ya iya cewa sai an jima.

Washegari ya dawo da sabon rubutu, wai a duba masa. Jibi ma haka. Cikin wata guda ya ci faina fiye da duk wanda na sani a layin, shi da ba ya ma son garin wake. Ita tana kiransa Tawada, saboda yatsunsa da sabulu ya gaji da su. Shi kuwa Alƙaliya yake ce mata. A bayan takardun gwaji yake rubuto mata saƙo.

"Alƙaliyata, na cire tumakin, na rage ihun zuwa uku. In har yanzu da laifi, a yanke mini hukuncin zuwa gobe da ƙarfe huɗu. Naki, Tawada."

Ta amsa da fensirin shago. "Uku ma sun yi yawa. Ka zo da huɗun. Ka wanke hannu."

Babanta, Don Bachicha, bai iya karatu ba, kuma kunyar haka ta sa ko takardar haya ba ya yarda ya riƙe a gaban mutane. Duk Lahadi bayan coci yakan zauna a tsakar gidan hayarsu da ƙoƙon shayin mate, maƙwabta su kewaye, Orsola ta karanta wasiƙar Tino. Abin da ba wanda ya sani shi ne rabin kowace wasiƙa baƙi ne. Masu tace wasiƙun sojoji sun bi layi-layi sun shafe da tawada. Duk inda ta iso baƙin, sai Orsola ta cike da nata: ana ba su nama sau biyu a mako, kyaftin na yabonsa, sanyin da sauƙi. Tausayin tsohon ne ya sa ta fara. Daga baya ta rasa yadda za ta daina.

To, akwai Evaristo Pittaluga, sakataren kwamitin taimakon yaƙi, mai man gashi da zaƙin baki. Shi ke jawabi a tasha duk ranar da jirgi zai tashi. Shi dai likita ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki sanyin duwatsun fagen daga ba, ko da yake ƙirjin bai taɓa hana shi ihu ba. Ya daɗe yana zagaya Orsola. Da ya ga inda hankalinta ya karkata, sai ya nemo tsohuwar takardar Remigio, ya karanta wa Don Bachicha ita a gaban masu sayen burodi, yana jan kalmar tumaki duk sau huɗun.

Da Remigio ya zo neman aure da aron kwat, tsohon ko kujera bai nuna masa ba.

"Ɗana yana can cikin ƙanƙara, kai kana nan kana zaginsa da injin. Akwai jirgi ran sha biyu ga wata. Ka hau. In ka dawo, 'yata taka ce."

Daga ranar ya mayar da Orsola bayan tanda, ya hana ta leƙa ƙofa. Kwana takwas Remigio na wucewa bai gan ta ba, bai sami ko layi ɗaya ba, har ya ɗauka ta bi bayan babanta. Ran na tara Evaristo ya shigo yana murmushi, ya ce a taya shi murna, mai jera haruffa ya shiryu, sunansa na cikin jerin masu tafiya. Ya ajiye mata takarda a kan buhun fulawa.

"Alƙaliyata, na sa hannu. Ra'ayina bai sake ba, amma na gwada kwana takwas ba ke, na ga ba zan iya ba. In wannan ce hanyar, zan bi ta."

Orsola ba ta yi kuka ba. Ta kwance ƙyallen aikin da ke ƙugunta, ta ɗauko wasiƙar Tino ta ƙarshe daga gwangwanin biskit, ta fita ta ƙofar gaba da rana tsaka, babanta na kira ba ta waiwaya ba.

Ta same shi a gaban akwatin haruffa. Bai gama buɗe baki ba ta ce masa shirun nata na kulle ne, kuma in ya hau jirgin nan saboda ita, ko ya dawo da lambar yabo ba za ta aure shi ba. Sannan ta shimfiɗa wasiƙar a gabansa, ta faɗa masa abin da take yi duk Lahadi.

Remigio ya daɗe yana kallon baƙaƙen layukan.

"Za ka iya buga ta yadda take? Har da baƙin?" in ji ta.

Ya ɗauki harafi ɗaya na dalma, ya kifa shi, gindinsa ya koma sama. Haka masu jera haruffa ke yi in harafi ya ƙare musu, su toshe gurbin kafin a samo, kuma in an buga, baƙin tabo ne ke fitowa. Ya jera kifaffun haruffa daidai tsawon kowane layi da aka shafe. Da ya gama sai tsohon halinsa ya motsa, ya ce bari ya ƙara ɗan sharhi a ƙasa, sakin layi biyu kacal.

"Ko kalma," in ji ta. "Ka bar mutane su yi tambayar da kansu. Amma ba za a raba ko ɗaya ba sai Baba ya yarda. Wasiƙarsa ce."

"In ya kore ki fa?"

"Sai ka nemo ɗaki. Ka kula, Tawada, kada ka ɓata layin."

Da safe ta ajiye wasiƙar da bugun gwajin a kan teburin kwaɓi. Don Bachicha ya goge hannu, a karo na farko ya ɗauki wasiƙar ɗansa. Ba sai mutum ya iya karatu ba kafin ya gane baƙi. Ya ɗora babban yatsa a kan layi mafi tsawo.

"Me ya ce a nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kin ce nama sau biyu a mako."

"Ni na ce. Ba Tino ba."

Ya ce ta karanta abin da ke ciki, gaskiyar kaɗai. Ta karanta, duk inda aka shafe tana faɗi.

"Baba, ina raye. Baƙi. Baƙi. Cikin mu goma sha ɗaya da muka taso tare, baƙi. A aiko mini da safa, ko tsofaffi ne. Ku gaya wa samarin layinmu kada su, baƙi. Ɗanka, Tino."

Tsohon ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun ƙirji, ya koma kan kwaɓinsa. Kwana uku bai ce mata ko sannu ba. Ita ma ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma janye maganarta ba. Tana aikinta, ranar jirgi na matsowa.

Ran sha biyu da hantsi, ana jin ƙahon jirgin daga shago, Don Bachicha ya dama ɗan ƙullu, ya shafa a bayan bugun gwajin, ya manna shi da hannunsa a ƙofar gidan burodi. Sannan ya taka har maɗaba'a da rigar aikinsa. Remigio na zaune a kan ƙullin kayansa, bai tafi ba, bai kuma kwance ba.

"Ɗa ɗaya na ba su," in ji tsohon. "Kai ba zan ba su ba. Buga sauran."

Ba a ce takardar ta tsayar da yaƙi ba. Jirgin ya tashi, Evaristo ya yi jawabinsa, 'yan kwamiti suka daina sayen burodin Canepa. Amma mata sun tsaya a ƙofar nan suna shafa baƙaƙen layukan, suka koma gida suka ciro nasu wasiƙun. Remigio kuwa ya san sunansa ya shiga jerin masu gudun soja, da wuya ya sake taka ƙasar haihuwarsa. Ya ce ya ji ya gani.

An ɗaura auren cikin watan Mayu. Sai da aka kai ruwa rana kafin Remigio ya yarda ya shiga coci, ya ce sau ɗaya ne, kuma don Alƙaliya. A tsakar gida aka jera tebura, aka bar kujera ɗaya ba kowa, ta Tino. Don Bachicha ya ɗora hannu a kan kawunansu, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'yan da ba wanda zai kira su tasha, ya dawo da na nesa da ƙafafunsa. Tsakar gida ta amsa da amin.

Da aka fara kiɗa, tsohon ya jawo hannun rigar angon, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Ranar Litinin bayan an kashe tanda, ka zo mini da haruffan nan naka. Wasiƙa ta gaba ni zan karanta."