Tulun Da Babu Kifi

Ƙararrawar coci na ta bugawa lokacin da Liezel ta hau matakalar, rungume da tukunyar miya mai zafi. Lahadi ce, mutanen birnin Baguio duk sun nufi coci cikin rigunan sanyi, ita kuwa ta nufi wani ɗaki a saman shagon gyaran keke. A waya ta ga sanarwar: "Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba wa'azi. Zo da abinci, ko ka zo da yunwarka."

Sati uku kenan da ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Shekara guda kuma rabonta da coci, don ta laluba zuciyarta ta tarar imanin ba ya nan. Ba ta yi faɗa da kowa ba, amma kaɗaici ya ishe ta. A kantin maganin da take aiki, da ta buɗe kwanonta sai a ce, "Ku matsa, akuyarmu za ta yi kiwo."

Wani saurayi ne ya buɗe mata ƙofa, da tawul a kafaɗa da gibi a haƙoransa na gaba.

"Sabuwa ce ke," ya ce.

"A goshina aka rubuta?"

"A tukunyarki. Sababbi kaɗai ke cika tukunya haka. Ni ne Dindo, mai awara."

Mutum goma sha ɗaya ta tarar. Mai ɗakin, Manang Fe, tsohuwar malamar makaranta ce mai murya kamar tana kiran suna a aji. Ta zaunar da Liezel kusa da ita, aka buɗe kwanuka. Dindo ne ya fara kai cokali cikin miyar tata. Ya tauna sau biyu, ya tsaya, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Ƙanwata, me da me kika sa?"

"Kabewa, kuɓewa, yalo, garafuni, tumatir, sai bagoong."

"Shi bagoong ɗin da me ake yin sa?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta tuna. Kifi! Ƙananan kifaye da gishiri, a rufe a tulu su yi watanni. To ina laifinta? A ƙauyensu na bakin teku babu mai lissafa daddawar kifi a cikin kifi, tamkar gishiri take. Uwarta ma sana'arta kenan. Sati uku tana taƙama ta bar cin dabba, ashe kullum da kifi take kwana a ciki.

Kunya ta rufe ta, idonta ya ciko. Manang Fe ta leƙa tukunyar, ta shinshina, ta kwashe da dariya har da buga tebur.

"Jama'a, mun yi sabuwar 'yar gida! Duk wanda bai taɓa yin wannan ba ya ɗaga hannu."

Babu hannun da ya tashi. Wani ya ce wata biyu ya yi yana shan miyar da aka tsame naman aka ba shi ruwan. Wata ta ce ita har yau in ta tsorata sunan Maryama take kira, kuma ba ta ga ranar dainawa ba. Aka sauka da tukunyar wurin masu gyaran keke, suka cinye tas suna sa albarka. Liezel ta ci awarar Dindo tana dariya tana share hawaye. Rabon da ta ci abinci ba tare da ta kare kanta ba har ta manta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Barka da hutawa, Daddawata. Na manta ban faɗa miki ba, miyar ta yi daɗi. Shi ya sa na tauna sau biyu."

Ta mayar masa: "Wa ya ba ka izinin wannan sunan? Na gode da ba ka tona ni da ƙarfi ba. Zan dawo Lahadi."

Ta dawo kuwa, ta kuma dawowa. Dindo ya koya mata tambayar masu abinci a kasuwa ba tare da an yi rigima ba. Ya nuna mata inda ake samun ciyawar teku, wadda ke ba miya ƙanshin bakin ruwa. Da asuba yake dafa waken suya, kafin ta fita aiki ya aje mata awara mai ɗumi a ƙofa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, 'yan Lahadi suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowa da ranar kawo mata fate. Tana kwance tana kallon kwanukan ta ce a ranta, ashe wannan ne abin da take kewa, a san ba ka zo ba a biyo sawu.

Wata takwas da haɗuwarsu, yana wanke tukunya tana ɗauraya, ya ce, "Daddawata, ni fa na gaji da raka ki gida ina dawowa ni kaɗai."

"To ka daina rakiyar mana."

"Ko kuma gidan ya zama ɗaya."

Ta dakata da ɗauraya, ruwa na zuba a hannunta. "Dindo nawa, sai ka ga uwata Nanang tukuna. Kuma ba ta san komai ba."

Suka hau mota awa biyar zuwa ƙauyen. Sun tarar da Nanang Consing a bayan gida tsakanin tuluna, tana juya daddawa da muciya. Tun rasuwar mijinta a teku, da tulunan nan ta raini Liezel. Liezel ta kama hannun uwarta ta kai goshinta, yadda kowane ɗa ke neman albarka, Dindo ma ya yi. Har nan lafiya lau.

A tebur aka samu matsala. Nanang ta yi addu'a, ta buɗe ido ta ga na 'yarta a buɗe. Ta zuba mata miya, ta ga shinkafa kawai take tsakura. Ga kuma Arnel, shugaban mawaƙan coci, wanda Nanang ta daɗe tana so ya auri 'yarta, an gayyato shi yana ta loda kifi yana kallon Dindo a kaikaice.

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, Nanang. Na daina cin kifi ne. Kuma na daina zuwa coci. Ba na son in ci gaba da yi miki ƙarya."

Nanang ta aje cokali a hankali.

"Maganar coci, zan je in yi ta kuka a gaban Ubangiji, shi ya san yadda zai yi da ke. Amma wannan?" Ta nuna kwanon. "Hannuna ne a ciki. Shekara ashirin ina warin kifi don ki zama mutum. Yau hannun nawa ne ƙazanta?"

"Ba haka ba ne, Nanang."

"Shi ya koya miki?"

Dindo ya ce, "A haka na same ta, Nanang. Amma ni ma haka nake, ba zan ɓoye muku ba."

Da za su tafi, Liezel ta miƙa hannu za ta kama na uwarta. Nanang ta zura hannun cikin aljihun zanenta, ta juya ta koma wurin tuluna. Tun da aka haifi Liezel ba a taɓa hana ta hannun nan ba. Haka suka koma Baguio.

Aka sa ranar aure wata shida, a gaban alƙali. Liezel na kiran uwarta, ba a ɗauka. Ta ce wa Dindo, "Zan aure ka ko da me. Amma in babu hannunta a goshina, rabina ne zai zo."

Sai kuma Dindo ya fara ɓacewa duk Asabar. Waken suya yake nema, in ji shi. Wane irin wake ne ba a samun sa sai an kashe waya? Ana haka Arnel ya turo mata hotuna biyu. Ɗaya Dindo ne ɗauke da kwandon kifi a kafaɗa. Ɗayan kuma ga shi a ƙofar cocin ƙauyensu, Nanang na riƙe da damtsensa. A ƙasa ya rubuta: "Ga gwarzon naki. A Baguio akuya, a nan ɗan coci. Ki dai yi tunani."

Liezel ta sake duba su. Ta tura wa Dindo hotunan da saƙo: "Ni na rasa uwata saboda na faɗi gaskiya, kai kuma ka je kana sayen ta da ƙarya? Kada ka kawo min awara gobe."

Kwana tara ba ta amsa kiransa ba. Awarar dai ba ta fasa zuwa ƙofa ba. Ranar Lahadi ta ƙi fita, sai ga Manang Fe da kanta, tana haki saboda tudun unguwar.

"Tashi ki ba ni ruwa, 'yar nema. Kin tambaye shi, ko kin yanke hukunci ne kawai? Mu da muka bar coci saboda muna son tambaya, ke ce za ki gaskata hoto ba tambaya?"

Da yammar nan ta same shi a wurin aikinsa yana tace wake. Ya rame.

"Na yi miki ƙaryar wake, wannan laifina ne, ki yafe min," ya ce. "Wurinta nake zuwa. Ranar farko ta ce tunda na zo in ɗauki kwando. Na ɗauka, raina bai so ba, amma bayanta ya gaji. Gwiwarta na ciwo, shi ya sa nake kai ta coci addu'ar yammar Asabar, in zauna a kan dakali har ta fito. Ta san ban yi imani ba, kullum sai ta yi min gori."

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Ita ta sa ni alkawari. Akwai sauran magana, amma tata ce, ba tawa ba."

"Za ta zo auren?"

"Ban sani ba, Daddawata. Da na sani da na faɗa miki."

Ta karɓi matacin daga hannunsa ta ci gaba da tacewa. Can ta ce, "Gishirin awarar jiya ya yi yawa." Sai ya yi dariya har gibin ya fito.

Ranar auren ta zo da yayyafi. Alƙali ya karanta abin da zai karanta, suka sa hannu, Manang Fe da yayan Dindo suka yi shaida. Liezel na murmushi, amma duk motsin ƙofa sai ta waiga. Babu kowa. Aka dawo ɗakin saman shagon keke, 'yan Lahadi sun cika tebur, har masu gyaran keke sun sa riguna masu tsabta.

Ana shirin buɗe kwanuka aka ji takun mutum a matakala, ɗaya bayan ɗaya, da hutu a tsakani. Sai murya: "Wane marar tausayi ne ya gina wannan matakalar?"

Nanang Consing ce, da mayafin cocinta, rungume da ƙaramin tulu. Dindo ya zabura zai karɓa, ta ce ya matsa. Ta dire shi a tsakiyar tebur ta kwance ganyen ayabar da ta rufe bakin. Ƙanshi ya cika ɗakin, na gida sak. Liezel ta ja da baya kaɗan.

"Ba kifi a ciki, sarkin tsoro," in ji Nanang. "Baƙin wake ne da gishiri da ciyawar teku. Tulu uku na zubar kafin wannan ya yi. Wannan mijin naki ya zo min da wata dabara a takarda, ko kare ba zai ci ba. Sai da na bi ta hanyata."

Liezel ta ɗebo da ɗan yatsa ta kai baki. Ɗanɗanon hannun uwarta ne, babu ko tantama. Hawaye suka zubo mata.

"Duk wata biyar ɗin da Dindo ke ɓacewa, wannan kike yi, Nanang?"

"To ya zan yi? In bar 'yata ta yi aure da miyar da ba ta da daɗi?" Ta gyara mayafi. "Amma ki ji da kyau. Ban fahimci maganarku ta rashin imani ba, kuma ba na jin zan fahimta. Kullum sai na yi muku addu'a, ko kuna so ko ba kwa so."

"Ki yi, Nanang. Na gode. Na gode."

Sai Nanang ta zaro hannunta daga aljihu ta miƙa. Hannu ne mai kaushi, gishiri ya tsattsage shi. Liezel ta kama da hannu biyu ta kai goshinta, ta daɗe ba ta saki ba. Dindo ya durƙusa a gefenta, aka ba shi ɗayan.

"Ubangiji ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya sa ku tsufa tare kuna wa juna tsiya," in ji Nanang. Ɗakin da babu mai addu'a a cikinsa ya amsa da amin, Manang Fe ce ma ta fi kowa ɗaga murya.

Nanang ta share ido da bakin mayafi, ta dubi teburin sama da ƙasa.

"Ina kabewa da kuɓewa? Ku ba ni tukunya in nuna muku yadda ake miya."