Lamba Ɗaya, Gida Arba'in

Shekara tara Auta ya yi ba ya gida. Da ya dawo ya tarar an sare bishiyar tsakar gida, an rufe rijiya da siminti, kan Inna ya yi fari fat. Tsohuwar ƙofar katako ta tafi, an sa ta ƙarfe mai buɗewa da lamba. Ga kyamara a bakin ƙofa, ga wata a falo, har da ɗakin Gimbiya, 'yar Yayansa, wadda ya bari tana wasan ƙasa, yanzu ta kai sha huɗu. Duk aikin Yaya ne. Ya buɗe shago yana haɗa wa mutane kyamara da intanet, yana kula musu da kwamfutoci.

Shi kuwa Auta, sana'arsa a can ita ce kamfani ya ɗauke shi ya gwada yi masa kutse a kwamfutocinsa, ya nuna inda ya sami kafa kafin mugu ya riga shi.

"Yaya, yaushe rabon da a gwada kayan nan naka?" ya tambaya, kwana biyu da zuwansa.

"A gwada me? Shekara shida suna aiki, ko tari ba su taɓa yi ba. Kai dai ɓarawo ne mai takarda, Auta."

Inna ta yi dariya har da tafa hannu.

Ran kwana na huɗu, rana ta yi ja, unguwa ta yi tsit. Inna tana kwashe shanya sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka jima. Wani ya biyo baya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ƙofar ƙarfe ta yi ƙaras, ta buɗe kanta, babu kowa a waje.

Auta ya duba kwamfutar Yaya, ya ga an shigo, amma ba fasawa aka yi ba, da lambar gidan aka shigo. Yana cikin dubawa ya ji murya daga kyamarar ɗakin Gimbiya, ƙasa-ƙasa, tana kiran yarinyar. Ya fizge wayar wuta. Muryar ta yi shiru, sannan ta ci gaba daga bakin Gimbiya, wadda ke tsaye a ƙofar ɗaki, idanunta ba sa ƙiftawa.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, wuyanta ya zama kamar tsinke. Yaya ya ɗauko malami, wani dattijo mai tabarau, marar yawan magana. Ya zauna kusa da kanta da faɗuwar rana ya fara karatu. Jikin yarinyar ya ɗau kyarma.

"Ya isa, tsoho, kana ƙona ni!" in ji muryar daga bakinta.

"To fita."

"Ban fasa gidan kowa ba. A buɗe na samu."

Auta ya matso. "Malam, a tambaye shi ta ina ya shigo. In ba mu sani ba, gobe ma zai dawo."

Fuskar Gimbiya ta juyo gare shi, ta yi wani murmushi da ba nata ba. "Wannan ɗan sana'a ne. In na faɗa, me za a ba ni?"

"Ka fita da ƙafarka," in ji malam.

"A bar mini zagayena. Kullum rana ta faɗi ina bi ina taɓa ƙofofi. Wadda ke rufe in wuce. Wadda ke buɗe kuwa..."

"Hanya ba tawa ba ce. Yarinyar dai ka sake ta," in ji malam.

Muryar ta sauko. "Ubanta ya sa lamba ɗaya a duk inda ya yi aiki, bai taɓa canzawa ba. Ranar haihuwarta ce. Na gaji da ganin lambar, na ce bari in zo in ga mai ita."

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa. Gimbiya ta yi atishawa sau uku, ta faɗi a jikin Inna. Can ta buɗe ido. "Inna, ƙishirwa."

Mako guda 'yan'uwan suka yi suna bin masu hulɗa da Yaya, gidaje da makarantu da kantuna, arba'in cif. Suka canza lambobi, Auta ya gwada kowanne, ya ƙara gano kafa bakwai. Ya sa Yaya ya yi alkawari duk wata uku za a sake gwadawa, kuma ba shi da ya haɗa zai gwada ba.

Ranar tafiyarsa da yamma yana ninke riguna, Gimbiya ta jingina da ƙofa.

"Baba Ƙarami, kun je wurin jariran?"

"Waɗanne jarirai?"

"Lokacin da yake jikina ina ganin inda yake zuwa. Wani ɗaki mai ƙananan gadaje a jere, da kyamara a sama. Can ya fi daɗewa."

Auta ya dubi Yaya, wanda ya tsaya cak a bayanta.

"Asibitin haihuwa," in ji Yaya. "Sun daina aiki da ni shekara uku ke nan. Na cire su daga jerin."

"Ka cire lambar?"

Yaya ya ɗora hannu biyu a ka. Ta taga, hasken rana ya fara ja. Auta ya zaro kwamfutarsa daga cikin akwati, ya durƙusa yana ɗaure takalmi.