Kwanukan da Ba a Buɗe Ba

A wani zamani, can bayan wani babban gari, an yi wata unguwa da ta tara kowa da kowa. Hausawa da Yarbawa da Ibo da Nupawa, duk rijiya guda suke ɗiba.

Ana nan sai mijin wata baƙuwa ya rasu. Daga ƙasa mai nisa suka zo, ba su ma daɗe da tarewa ba. Matan unguwa suka yi abin da suka saba. Kullum kowace ta zuba abinci, ta aika a ajiye mata a ƙofar ɗaki.

Kullum kwanukan a rufe suke wuni.

Bayarabiya ta ce, "Ta raina amalata." 'Yar Ibo ta ce, "Ta raina sakwarata." Wata tsohuwa Bahaushiya ta ce, "Ta raina tuwona!" Ta figi mayafi, ta tafi ɗauko kwanonta a fusace.

Da ta leƙa ɗakin, ta iske baƙuwar kwance a tabarma, leɓe ya bushe, ido ya faɗa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, abincinmu ne ba ya ciwuwa?"

Da ƙyar baƙuwar ta ce, "Yunwa nake ji, Iya. Amma a garinmu mai takaba ba ta ci ita kaɗai, sai wani ya zauna ya sa hannu tare da ita. Kullum ina jin takun mutane a ƙofa, ina cewa yau za a shigo."

Tsohuwa ta shiga ɗakin. Ta wanke hannu, ta zauna a ƙasa, ta buɗe kwanon da ta zo ɗauka.

Ta ce, "Taso, 'yata. Ni ma ban ci ba."